A Bar Tawada a Kurtunta

Akwai wata shawara da ta cika wayoyin mutane a 'yan shekarun nan: wai magidanci na ƙwarai shi ne wanda zai tattara kayan zane da na aikin hannu na yaransa, ya ware su iri-iri, ya zuba kowanne a mazubinsa, ya rufe, ya jera a kanta. Masu ba da shawarar mutane ne masu fara'a, ɗakunansu fes, kuma ba a taɓa nuno ɗan ɗayansu yana lasar bango ba. Ni ban yarda da ita ba, kuma ba ƙyuya ce ta hana ni ba, hujja gare ni. A gida irin namu na nan Tudun Kaya, da duk garuruwan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, tarkacen yara muddin yana warwatse ba ya cutar da komai sai tafin ƙafa. Ranar da aka tattara shi aka yi masa murfi, ranar ce yake zama abin tsoro, kuma wanda zai ji a jikinsa ba yaro ba ne. Babba ne, babban ma wanda ake jin nauyinsa.

Sai an san kaya kafin a yanke musu hukunci. Yaron garin nan makaranta uku yake yi, kowace da nata tarkacen. Ta allo ta ba shi allo da alƙalami da tawada, wadda ake haɗawa da zuge ko baƙin tukunya da ƙaro. Ta boko, tun da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma shigo da manhajar shekara tara mai ɗauke da darasin al'adu da fasaha a 2008, ta ƙara masa fensir da kala da kwali da gam da almakashi, ban da tsintsiya ko mafici da malami zai ce a kawo ƙarshen zango a matsayin aikin hannu, wanda kowa ya san kaka ce ke yi, jika ya karɓi maki. Ta uku ita ce ta gindin rumbu, wadda ba ta da hedimasta kuma ba ta zuwa hutu. Da an girbe dawa kara ya samu, sai a buɗe kamfanin ƙera motoci: ana fere totuwa, ana tsaga ɓawo, ana yanka tsohon silifas a fitar da taya, ana tara marafan kwalba da gwangwanin madara da langa-langa. 'Yan mata kuma ga 'yar tsana, ga ƙyallayen da aka roƙo wurin tela, ga ulu da kwarashi, ga yumɓun da za a gina 'yan tukwane. Duk a tsakar gida suke zube, ban musa ba. Amma a dubi zubewar da kyau, kowane abu yana nan da fuskarsa a buɗe. Kara kara ne, alli alli ne, tawada tana cikin kurtunta, ta yi masa kaca-kaca har waje, ko makaho ya shafa ya san abin da ya taɓa.

Ita wannan aƙida ta jerawa tana da asali, kuma asalin nata mai mutunci ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan kindagatin a 1840, kayan wasansa a akwatunan katako suke zuwa, kowane akwati an auna shi daidai da abin da zai ɗauka. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, da ta buɗe gidan yaranta a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907, sai da ta sa aka yi kujeru da tebura da wuraren ajiya daidai tsawon yaro, don ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa. Kwalin Crayola na farko da ya fito a Amurka a 1903 kala takwas ne, kwalin kuma don su takwas ɗin aka yi shi. Ban raina ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba. Abin da nake so a lura da shi guda ne: a duk wuraren nan uku, mazubi da abin zubawa tare aka haife su. Akwatin Froebel bai taɓa ɗaukar daddawa ba, kuma ba wanda ya taɓa buɗe kwalin kala yana neman gishiri.

A wurinmu kuwa babu mazubin da ke mutuwa da sana'a ɗaya. Gwangwanin Bournvita in ya gama da shayi sai ya koma ajiyar kuka. Robar man shafawa ta koma ta kanwa ko yaji. Bokitin fenti ya koma na gasara. Kwalbar lemo yau man gyaɗa, gobe kananzir, kuma duk uwar da ta san abin da take yi ta san hatsarin wannan ta biyun. Gida na tafiya lafiya ne don akwai wanda ya haddace tarihin kowane gwangwani. To, magidancin da bidiyo ya zuga, ina zai samo mazubi? Ba zai hau mota daga Tudun Kaya ya tafi Kano, ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo robobi sababbi fil don ya ajiye totuwa da marfin kwalba ba. In ya yi haka, majalisa ta samu abin hira har damina. Abin da ke gida zai ɗauka, ya zuba alli a gwangwanin madara, garin bula a robar magani, gam a kwalbar zuma. Kowane ɗaya kuma yana ɗauke da sunan tsohon aikinsa a goshi, da manyan baƙaƙe, har da hoto. Tarkacen da jiya yake faɗin gaskiya a tsakar gida, yau an sa masa murfi an koya masa ƙarya.

Za a ce, to reza fa, da allura, da almakashi, a bar su a ƙasa jariri ya rarrafo ya ɗauka? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma gajera: a ɗauke su a soke a azara, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro waya. Za a kuma ce jerawa tarbiyya ce, yaro ya koyi mayar da abu inda ya ɗauko. Ban ƙi ba, amma a leƙa makarantar allo a gani. Almajiri allo ɗaya gare shi, kurtu ɗaya, alƙalami, gafaka a rataye, babu kanta babu lamba, ga yara cike da zaure, kuma ba ka jin wani ya ɗauki allon wani bisa kuskure. Shi kurtu ɗan duma ne mai ƙaramin baki, bai yi kama da mazubin abinci ba, bai yi kama da na kwalliya ba, muninsa shi ne amfaninsa. Mai motar kara kuwa, tambaye shi ina tayarsa ta huɗu, zai kai ka bayan randa ya zaro ta ko dubawa bai yi ba. Warwatsewar a idonka take, shi ya san inda ya ajiye komai. Ranar da ka jera masa, ranar zai fara tashinka daga barci da ina kaza, ina kaza, ka zama ma'ajin marafan kwalba, ba albashi.

Sai babbar hujjarsu, wadda suke faɗa da murmushin wanda ya gama magana: a rubuta suna a manna. Da me za a manna? Da ƙaro ko gam ɗin yara, a jikin kwalbar da ta sha mai. Hunturu na busawa takardar za ta nannaɗe, ta ɓalle, akuya ta karya kumallo da ita. In ta tsira daga akuya, ba za ta tsira daga yaron da ke neman lambar da zai liƙa wa motarsa ba. In ta tsira daga su biyun, saura mai karantawa. Kaka ajami ta sani, kai boko ka rubuta. Ƙaramin bai kai karatu ba. Uwargida ta iya sarai, amma ba ta karanta kwalba, don ta san kowace kwalba a gidan tun tana cike. Nan ne masu bidiyo suka yi babbar mantuwa, sun ɗauka gidan da babu kanta babu tsari. Akwai tsari, a kan uwargida yake, shekara da shekaru tana tafiyar da shi ba takarda ba biro, kuma a tsarinta wurin zaman kwalbar turare ɗaya ne tak a duniya. Wanda ya shigo da nasa tsarin bai gyara gida ba, gwamnati biyu ya kafa a ƙasa ɗaya.

Bari in buga misali, yadda malaman nahawu ke bugawa da Zaidu da Amru, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru ɗaya na dukan ɗaya ba a taɓa ganin ko ɗayansu da ido ba. A ɗauka kai ne. Ka kalli bidiyon, ka tashi da himma, ka kore kowa, ka jera. Kurtu ya tsaya maka a rai don ya ɓata layi, sai ka hango kwalbar turaren da ta ƙare, ka juye tawadar a ciki, ka murɗa murfi, ka manna takarda, ka ja baya ka yaba wa kanka. Takarda ta bi hanyar da na faɗa. Uwargida ta zo shara ta ga kwalbar turare cikin kayan yara, ta ce yaran nan ba sa jin magana, ta mayar da ita turakarka cikin 'yan'uwanta. Ita ma kintsawa ta yi. Ranar Juma'a sai ga surukinka, mahaifinta, ya biyo daga wajen Rogo, zai yi salla a nan ya wuce ɗaurin aure Ƙaraye. Farar shadda ce a jikinsa, gezna 'yar Ostiriya, babbar riga da 'yar ciki da wando, ga farin gemu an taje. Ya zauna a zaure, an gaisa, ya sha ruwa, ya ce zai tashi. Kai kuma da yake ɗan mutunci ne, ka ruga ciki ka ɗauko turare.

Ka durƙusa gabansa, kai a sunkuye, ka ce, “Baba, ga ɗan turare.” Ya ce, “Af, har da ɗawainiya?” Ya buɗe tafukansa biyu, fuskarsa na kallon ƙofa. Ka karkata kwalba, ka ji abin yana fitowa da nauyi, ka ce a ranka lallai mai kyau ne, ba a yi masa haɗi ba. Don kada a ce ka yi ƙwauro, ka ƙara bubbuga gindin kwalbar har ka ji ta yi sauƙi a hannu. Shi kuma ya yi abin da kowane dattijo ke yi da turare, daki-daki, ba gaggawa. Ya murza tafi da tafi. Ya kama gemu daga gindin kunnuwa ya shafo zuwa haɓa, ya maimaita. Ya zagaya wuya. Ya ɗora hannu biyu a ƙirji, yatsu a ware, ya danna, ya sauke su a hankali har kan ciki. Ya goga a hannun riga na dama, ya goga a na hagu. Ragowar, da yake ba ya son almubazzaranci, ya gyara zaman hularsa da ita. Yana yi yana sa albarka, Allah ya raya zuri'a, Allah ya bar zumunci, kai kuma kana amin, amin, ido a ƙasa. Da yake kuma a ƙasan idon yake, kai ne ka fara gani. Ba fuskarsa ba tukuna. Babban yatsanka ka gani, wanda ya riƙe wuyan kwalba, baƙi ƙirin, da ɗigo ɗaya a kan tabarma yana sheƙi. Tsakanin ganin yatsan nan da ɗago kai akwai ɗan lokacin da bai isa a haɗiyi yawu ba, amma a cikinsa mutum yana iya tuna ranar da aka kai kuɗin aurensa, da wanda ya karɓa, da cewa a lokacin ma akwai wani ɗan'uwa da aka so a ba yarinyar. Addu'a kuwa ba ta ƙare ba. Dole ka ci gaba da cewa amin.

Wanda bai san mu ba zai ce, mutum biyu, ido huɗu, ba wanda ya duba? Wannan bai san kunyar surukai ba. Tarbiyya ta ce maka ka kalli ƙasa, ta ce masa ya kalli gefe, kwalba ta bi ta tsakiya, inda babu ido ko ɗaya. Da kai mara kunya ne, mai tsayawa ƙerere ya zuba wa babba ido, da tun ɗigon farko ka gani. Ga kuma zaure, wanda don inuwa aka gina shi, ƙofar ciki a karkace don kada na waje ya hango tsakar gida, wanda ya shigo daga hasken rana sai ya jima kafin ya bambance hannunsa da tabarma. To hanci fa? Tawadar da ta kwana biyu tsami take yi, gaskiya ne. Amma turaren da dattawanmu ke so mai ne. Bintu Sudan, wanda kamfanin Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, ake kuma yin sa har a Kano, ya samu karɓuwa wurin Musulmi ne saboda babu barasa a cikinsa, mai ne zalla, irin wannan turare kuwa ba ya barin kwalba ko an ɗauraye ta. Sai ƙamshi ya hau kan tawadar, ƙaro ya ba ta kauri, hanci ya ba da shaida, tafin hannu ya ba da shaida, ido kuma dama an sallame shi. Shi ya sa a tsakiyar shafar ƙirjin, daidai lokacin da yatsu goma ke sauka a kan farar gezna, dattijo zai dakata da addu'a ya ce, “Wannan mai sanyi ne. A ina kake samu?” Na san wani zai ce misalin nan ya cika bayani, ya yi kama da abin da aka gani da ido. Mai wannan magana ya tsaya kan hujja, ya bar bin diddigin mutane.

Sai batun wanda zai faɗa. Duk iya maganarka, babu hanyar da za ka bi ka gaya wa uban matarka ya zama abin tsorata yara. Ka ce, “Baba, ko za a ɗan ƙara hutawa?” Ya ce lokaci ya ƙure, liman ba ya jira. Ka ce, “Ko in kawo ruwa a sake alwala?” Nan ne karo na farko da ya juyo ya dube ka, duban mutumin da ƙarami ya zarga da abin da bai saki ba, ya ce, “Da alwalata, Malam.” Ya sa takalmi ya fita. A ƙofar gida ga majalisa a gindin darbejiya, kowa ya yi shirin masallaci. Ya yi sallama, aka amsa rabi, sauran rabin ya maƙale a maƙogwaro. Nan take kowa ya samu abin dubawa, wani agogo, wani carbi, wani tayar kekensa. Ba wanda zai fara, don wanda ya fara shi ne ya gani. Da haka zai wuce har sahun gaba, ba don al'ada ta bar ƙofa ɗaya a buɗe ba, wato wasan jika da kaka. 'Yarka ƙarama, wadda yake kira amaryarsa, ta fito da gudu, ta ja birki, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da iyakar muryarta, “Na fasa auren, angon ya faɗa tukunya!” Sannan ta matso ta shinshina, ta ƙara da, “Laa, tawadar Yaya ce! Ita ce Baba ya zuba a kwalba, ya ce duk wanda ya taɓa sai ya zane shi.” Dattijo ya juya tafukansa ya duba. Ya dubi ƙirji. Ya kai hannu zai taɓa gemu, ya fasa. Da faɗa ya yi, da an samu sauƙi. Cewa ya yi, “Ba komai, Malam. Allah ya yi albarka.” Wannan karon ba wanda ya ce amin.

Masu kare kanta za su ce an cika zuzutawa, tawada ai wankuwa take, kullum ana wanke allo. Haka ne, kuma dalilin a fili yake. Tawadar allo baƙin gawayi ce da ƙaro ya riƙe, irin haɗin da mutanen Masar suka yi rubutu da shi tun zamanin Fir'auna. Ƙaron, wanda ake tsinka a jikin dakwara a Barno da Yobe da Jigawa, narkewa yake a ruwa, in ya narke baƙin ya rasa abin kamawa ya bi ruwan. Amma wannan a kan katako mai santsi ne. Auduga zare ce a murɗe, baƙin shigewa yake tsakanin sili da sili ya zauna, kowace cuɗa kuma ƙara tura shi take yi. Sannan wa ya ce tawadar yaro irin ta malam ce? Yaro injiniya ne. Ya fasa tsohon batir ya kankaro baƙin da ke cikinsa ya zuba, ya cire kan biro ya hura ruwan a ciki don ta ƙara sheƙi, shi kuwa ruwan biro da gangan aka yi shi don kada ya wanku. A cikin kurtu wannan haɗi ba shi da laifi, mai shi ya san shi, kowa na kauce masa. Fuska da gemu dai sun fita da sabulu, galibinsu. Rigar kuwa, ko dam ɗin Challawa aka juye mata, hannu biyun nan suna nan daram. Dattijo ya tafi ɗaurin aure cikin rigarka, wadda ta tsaya masa iya gwiwa.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne taron da ke biyo baya. An sauko daga masallaci, an baza rigar a zaure ana jiran mai wanki da guga, gari ya zo jaje, kowa da maganinsa a baki. Ɗan acaɓa ya ce fetur, a ba shi kuɗin lita ya sayo. Daga cikin gida wata tsohuwa ta aiko yaro ya ce lemon tsami da kanwa, in bai yi ba tsamiya, in bai yi ba haƙuri. Malamin allon yaran ya yi gyaran murya ya tabbatar wa jama'a cewa tawada ba najasa ba ce, da Alhaji ya tafi da ita ma sallarsa ta yi, ai har wanke ta ake a sha. Ba wanda ya yi wannan tambayar, amma kowa ya ce madalla. Ɗan hidimar ƙasa da aka turo daga sansanin Kusalla, yaro mai ladabi, ya zaro waya ya nuna cewa laifin ba na kintsawa ba ne, na rashin kai ta ƙarshe ne: da an sayi robobi masu nuna ciki, da injin buga suna, kowane yaro da launinsa. Ya kawo sunan Marie Kondo, 'yar Japan ɗin da littafinta na 2011 ya sa mutane a ƙasashe da dama suka koma naɗe riguna suna jera su a tsaye. Da ya ƙara latsa wayar kaɗan, da ya ga cewa ita kanta a farkon 2023, bayan ta haifi na uku, ta fito ta ce gidanta a hargitse yake, ta sassauta wa kanta. Yara uku ke nan, a gidan da babu akuya, babu kishiya, babu 'ya'yan maƙwabta da ke shigowa ba sallama. In jagorar tafiya ta sauke kaya a na uku, ban ga hujjar da za a ɗora wa mai bakwai ba.

Duk waɗannan dai 'yan koyo ne. Kowace unguwa tana da dattijo guda wanda bai taɓa rasa shawara ba, ba a kuma taɓa kama shi yana aiki da ko ɗaya ba, kuma saboda shi kaɗai nake ganin ko abin ya faru ba a yi asara duka ba. Shi ba ya magana da wuri. Ya jingine sandarsa, ya zagaya rigar, ya tsuguna, ya karkata kai, ya sa a ɗaga ta wajen haske. Ya fara da gemu. Ya ce shi bai ga abin kunya ba, ga mutane nan suna biyan kuɗi a shagon aski a baƙanta musu furfura, Alhaji ya samu kyauta har da ƙamshi. Ya dawo kan riga, ya ce kada wanda ya kuskura ya wanke, wanki ɓata ta zai yi. Da farko ya kawo marinar Ƙofar Mata, a tsoma ta a baba ta fito shuɗiya, sai ya tuna baƙi ya fi shuɗi ƙarfi, hannun zai leƙo, ya janye maganar da kansa ba wanda ya ja da shi. Ya yi shiru, zaure ya yi shiru. Sannan fuskarsa ta washe. Ya ce a kai wa maɗinki mai aikin hannu, ya bi sawun yatsun nan da baƙin zare ɗaya bayan ɗaya. Aska biyu da aska takwas da ake taƙama da su a ƙirjin riga, ai ba da su aka halicci duniya ba, wani ne ya fara, wataƙila ma shi ma tsautsayi ne. Wannan sai a sa masa suna tafi biyu, kafin babbar salla za ka ga 'yan siyasa na bin layi. Ya ƙara matsawa, ya auna tafin dama da na hagu da ɗan yatsa, ya tsuke baki. Ya ce matsala ɗaya ce, na hagu bai kama sosai ba, ƙaramin yatsa ma bai fito ba, maɗinki zai sha wuya. In Alhaji ya dawo daga ɗaurin aure, a roƙe shi ya sake sa rigar ya dafa, a daidaita.

Sai ya juyo gare ka, da fuskar mai son taimako tsakani da Allah, ya ce, “Malam, da sauran turaren?”